Daga Silimar Wapa Zuwa Hanyar Ikko

Ni haifaffen Fagge ne, 1960, shekarar da Turawa suka miƙa mulki. Mahaifina tela ne, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar silima. Yana saurayi aka yi gobarar silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci mutum fiye da 300, har ya koma ga Allah bai daina cewa ishara ce ba. To ga gidanmu, ga Wapa, ga Plaza. Silimun lokacin ba rufi gare su ba, in iska ta kaɗo da dare muna kwance kan tabarma muna jiyo ƙarar harbi da ihun 'yan kallo. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na fara sulalewa bayan isha'i, da 'yan kwabban da nake samu wajen dakon yadi a Kantin Kwari.

Masu kallo kashi-kashi ne. Akwai 'yan Indiya, masu son waƙa da kuka. Daga baya 'yan Canis suka zo da tsalle-tsallensu. Mu 'yan kaboyi ne. Turanci ba mu ji, ba ma kuwa bukata. Da an fara mun san wane ne akta, wane ne bos, kuma mun san komai daren daɗewa za su tsaya gaba da gaba a tsakiyar titi, kowa hannunsa kusa da kuben libarbarsa. Wannan tsayuwar muka biya kuɗi mu gani. A nuno idon wannan, a nuno idon wancan. A nuno yatsun bos suna motsi, gumi na gangaro masa ta ƙarƙashin malafa, yana lasar leɓe. A dawo kan akta, guntun taba a gefen baki, ko ƙifta ido ba ya yi. Silima ta yi tsit har ka ji mai gyaɗa ya daina kiran ciniki. Bos ne kullum ke fara kai hannu, kuma shi ne kullum ke faɗuwa. Nan benci ke rikicewa, a yi ta jifa da hula.

Washegari duk lungu ya cika da kaboyi. Mu lanƙwasa waya mu yi bindiga, mu soke a tazuge, mu runtse ido ɗaya, mu ƙi magana. Akwai wani abokina da muke ce wa Janggo, sunan wani fim ɗin Italiyawa na 1966 wanda aktansa ke jan akwatin gawa a baya. Ya iya tafiyar, ya iya kallon, har tofar da yawun ya iya. Amma zuciya gare shi kamar me. Ka taka shi bisa kuskure, kafin ka ce yi haƙuri ya kai maka naushi. Fuskar kaboyi ya ɗauka, cikin kuwa na bos ne. Lokacin siyasar jamhuriya ta biyu ya shiga banga, a wata hatsaniya ya zare wuƙa ya afka cikin mutane shi kaɗai, abokan tafiyarsa na kiran sa ya dawo. Aka sare shi a gadon baya. Ya rayu, amma bai ƙara miƙewa sosai ba, da sanda ya ƙarasa kwanansa. Allah Ya ji ƙansa, mutum ne mai kyauta.

Sai da furfura ta fito, waya ta zo hannu, na san cewa yawancin finafinan da suka fi burge mu ba ma a Amurka aka yi su ba. Italiyawa ne suka shirya, a hamadar Almeriya ta ƙasar Sifen. Na kuma shiga bin labarin mutanen gaskiya da aka gina tatsuniyar a kansu, 'yata ta uku tana taya ni da abin da Turancina bai kai ba. Abin da na tarar ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi.

Irin tsayuwar nan ta gaba da gaba, ba kasafai aka yi ta ba. Wadda aka fi ambato ita ce ta garin Springfield a jihar Missouri, ran 21 ga Yuli 1865, tsakanin Wild Bill Hickok da Davis Tutt, kan bashin caca da agogon aljihu. Tsakaninsu wajen mita 70, kowa ya yi harbi ɗaya. Na Tutt ya kuskure, na Hickok ya samu. To shi wannan gwanin yaya ya ƙare? A 1876, a Deadwood, yana zaune yana karta wani Jack McCall ya zagayo ta baya ya harbe shi a ƙeya. Ba kiɗa, ba kallon ido.

Faɗan da ya fi kowanne suna kuwa, na Tombstone a Arizona, ran 26 ga Oktoba 1881, bai wuce daƙiƙa 30 ba. 'Yan gidan Earp uku da abokinsu Doc Holliday, likitan haƙori, suka fuskanci 'yan gidan Clanton da McLaury a wani ɗan fili, kusa da kusa, 'yan taku kaɗan. Harsashi wajen 30 aka saki. Dubi kusancin, dubi yawan harbin, amma mutum uku suka mutu, wasu suka ji rauni, sauran harsasan duk iska suka sha. Wyatt Earp ko ƙwarzane bai samu ba. Da yake ba da shaida gaban alƙali ya ce Billy Clanton ne ya auna shi, amma shi bai auna Billy ba, Frank McLaury ya auna, don ya san Frank ne gwanin harbi a cikinsu. Wannan maganar ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Bakin bindiga na kallonka, amma ka samu sararin zaɓen wanda ya fi haɗari. Nan fim bai yi ƙarya ba. Sai dai bayan wata biyu aka yi wa yayansa Virgil kwanton ɓauna da dare aka nakasa masa hannu, a watan Maris na 1882 kuma aka harbe ƙanensa Morgan ta gilashin ƙofa yana tsakiyar wasa. Natsuwa ba ta tare harsashin da ba ka gani ba.

'Yar tawa, da yake kimiyya ta karanta, ta ƙaro mini wani. Ta ce: "Baba, ai ba ku kaɗai kaboyi ya ruɗa ba. Niels Bohr, Bature ɗan Denmark da ya ci kyautar Nobel a 1922, shi ma mayen finafinan nan ne." Wai shi ma ya lura kullum mai fara zarowa ke mutuwa, sai ya ce dalili shi ne mai farawa tunani yake yi, yaushe zan zaro, mai mayar da martani kuwa jikinsa ne kawai ke aiki. Har bindigogin wasan yara aka sayo a wurin aikinsa aka gwada, ya cinye abokan aikinsa. Na ce to kin gani. Ta ce: "Tsaya Baba, ban gama ba." A 2010 masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka auna abin da maɓallai. Gaskiya ne hannun mai martani ya fi sauri, amma da kashi 21 cikin 1000 na daƙiƙa kawai, alhali kafin ma ya ankara ya fara motsi ya yi asarar wajen kashi 200 cikin 1000. Wato a zahiri mai fara zarowa ne zai riga. Na ce mata su masu binciken maɓalli suke dannawa a ɗaki mai sanyi, ba wanda zai mutu in ya yi latti, ba hannun da ke rawa. Ta ce wannan kuma wata magana ce. Muka bar ta a nan, kowa na ganin shi ya yi nasara.

Rawar hannun nan na san ta, don na gan ta kusa.

Ban yi nisa a boko ba. Ina shekara goma sha bakwai mahaifina ya damƙa ni hannun wani direban babbar mota, na zama karen mota. Roka ce mai bodin katako, muna lodin albasa da tumatir da wake zuwa Ikko: Zariya, Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Makwa, a haye gadar Jabba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun. Maigidana gajere ne, siriri, ba ya shan taba, goro kawai. Bai taɓa taka ƙofar silima ba, in ya ji ina ba yara labarin akta sai ya ce: "Kai dai Allah Ya shirye ka, je ka duba ruwan lagireto." Magana a hankali, tuƙi a hankali, cin abinci a hankali, har haushi yake ba ni.

Wata rana da la'asar muna ratsa wani gari a kudu, wani yaro mai keke ya faɗo titi daga lungu. Maigida ya taka birki ya kauce, amma gefen bamba ya taɓa tayar keken ta baya, yaron ya wuntsila cikin kwata. Kafin mota ta gama tsayawa an kewaye mu. Sanduna, adduna, wani na ɗauke da galan. Kuma mutanen suna da gaskiyarsu, manyan motoci sun sha kashe musu yara a wannan titin direba ya gudu. Ni dai na sunkuya na jawo ƙarfen jak daga ƙarƙashin kujera. Maigida bai ko dube ni ba ya ce: "Ajiye." Na ce Maigida za su ƙone mu. Ya ce: "Ajiye na ce. Ka zauna nan, hannunka a kan gilashi inda za su gani."

Ya kashe mota. Ya zare makulli, ya buɗe ƙofa, ya sauka da baya taki ɗaya-ɗaya kamar yadda yake sauka kullum. Wani ya kai masa sanda a kafaɗa, na ji ƙarar daga ciki. Bai waiwaya ya ga wanda ya doke shi ba. Ya ɗaga makullin sama, ya duba cikin taron har ya hango wani dattijo mai hular aso-oke, saƙar Yarabawa, ya nufe shi, ya rusuna ya miƙa masa makullin da hannu biyu. Sannan ya zauna a ƙasa, a tsakiyar titi, ya tanƙwashe ƙafa, ya tambaya da ɗan Yarabancin da ya iya: ina yaron?

Abin ya ɗaure musu kai. An zo a kama mai gudu, ga shi ya ba da makulli. An zo a doki mai faɗa, ga shi zaune. Mutum na iya ɗaga adda kan wanda ke tsaye yana zage-zage, amma ɗaga ta kan dattijon da ke zaune yana tambayar lafiyar ɗanka sai an sake shawara. Dattijon nan ya daka wa samari tsawa, aka fito da yaron daga kwata, gwiwa ce ta goge, yana kuka yana neman kekensa. Maigida ya biya kuɗin asibiti da na gyaran keke, aka sa hannu a ofishin 'yan sanda, aka mayar masa da makulli bayan magariba.

Mun fita garin da 'yan mil sai ya gangara gefen hanya ya tsaya. Na ga ƙafarsa ta hagu tana kaɗawa a kan kuloci, ya kama gwiwar da hannu biyu ta ƙi tsayawa. Ya sauka ya yi amai. Ya kuskure baki, ya yi alwala, muka yi sallah. Ni da nake ganin na gano kaboyi na gaskiya, sai na ce: "Maigida, ashe kai ma ka ji tsoro?" Ya ce: "Yaro, duk direban da ya ce maka ba ya jin tsoro, kada ka hau motarsa." Na ce to zaman da ka yi a ƙasa fa? Ya ce Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce in ɗayanku ya fusata yana tsaye to ya zauna, shi kuwa da aka sauke masa sandar nan zuciya ta taso masa har wuya. Ya ɗan yi shiru ya ƙara da cewa: "Kuma ƙafafun ma da ƙyar suke ɗauke da ni."

Wannan ne abin da fim bai taɓa nuna mana ba: akta bayan ya mayar da libarba kube, ya zagaya bayan mashaya yana amai.

Na karɓi mota tawa a tsakiyar shekarun 1980. Na yi ta ganin faɗa a tasha, na 'yan kamasho, na layin lodi, na ɗaurin igiya. Abin da na lura, jiki in ya tsorata iri ɗaya yake yi wa kowa. Zuciya ta yi ta dukan uku-uku, baki ya bushe, yatsu su yi nauyi har ka kasa zura makulli a raminsa, ido ya tsuke kan abu guda ka daina ganin gefe. Mai cika baki da mai shiru duk haka. Bambancin kawai, wani yana da abin da zai ba hannunsa da bakinsa su yi, wani ba shi da shi, sai jikin ya zaɓar masa: ko gudu ko duka.

Daren da aka gwada ni, tumatir na ɗauko daga Kwanar Gafan, cikin shekarun mulkin soja na 1990. Tumatir ba ya jira, dole a yi tafiyar dare. Bayan mun wuce Tegina, wajen ƙarfe biyu, na sha kwana sai ga itace an gicciya, ga wata bas da ƙaramar mota an riga an tsayar. Ba wurin juyawa da kaya a baya. Na taka birki, na rage fitila. Yaron motata ya kama marfin ƙofa zai dira daji. Na riƙe masa riga na ce: "Zauna. Hannu a kan gilashi." Sai da maganar ta fita na ji ashe muryar maigidana ce.

Aka sauke mu, aka kwantar da mu rub da ciki a bakin kwalta tare da fasinjojin bas. Wanda aka bar mana yaro ne, ban ce ya kai ashirin ba, ya rufe fuska da ƙyalle, yana riƙe da doguwar bindiga ƙirar gida. Manyan suna can suna zazzage jakunkuna. Ina kwance kumatuna a kan tsakuwa, fitilar bas na haska shi, abin da na sa wa ido shi ne hannunsa. A nan silimar Wapa ta biya ni kuɗina, don ita ta koya mini kallon yatsu. Yatsansa na kan kunama, bakin bindigar na rawa, yana ta ihu a yi shiru alhali ba mai magana. Numfashinsa har inda nake ina ji. Na gane duk cikinmu ba wanda ya kai shi firgita, kuma shi ke riƙe da bindiga. Gwanin ɗan fashi kuɗi yake so ya tafi. Wannan kuwa ko tari ka yi zai iya sakin wuta.

Haka kuwa aka yi. Ya zo kan wani bawan Allah ɗan kasuwa daga cikin bas ya ce kuɗi. Mutumin, don ya nuna ba gardama, ya yi wuf ya cusa hannu cikin babbar rigarsa. Ƙarar ta toshe mini kunne. A cinya ya same shi. Mata suka fasa kuka, yaron ya ja da baya yana juya bindiga ko'ina, wani babbansu ya zage shi daga nesa, abin ya ƙara rikita shi. Ya ɗura wani harsashin da ƙyar, sai da ɗaya ya faɗi ƙasa. Sannan ya iso kaina.

Cikina ya ɗuri ruwa, ba zan ɓoye ba. Ina ta maimaita hasbunallahu wa ni'imal wakil a zuci, ina ja da numfashi ta hanci ina saki a hankali. Na ce masa, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki: "Yallaɓai, sannu. Kuɗin na aljihun wandona na dama. Ba ni da makami. In ka yarda zan sa hannuna na dama in ciro, a hankali. Ko kai ka ciro da kanka." Yaron da na haifi kamarsa nake ce wa Yallaɓai. Ya ce ciro. Na ce: "To ga hannuna, ka gan shi. Zan ɗaga. Na sa a aljihu. Ga shi ina fitowa da shi." Kowane motsi sai na faɗa kafin in yi. Na ajiye kuɗin mai da na hanya a kan kwalta, na tura gabansa da yatsa biyu. Na ce: "Akwai saura a mota, ƙarƙashin kujera, cikin gwangwanin madara. Wannan yarona ne, ba shi da ko sisi, ni ke riƙe masa."

Ina magana ina kallon bakin bindigar, na ga rawar tana raguwa. Ya sauke ta ta kalli ƙasa. Har ya ce mini "to", kamar ɗan aike. Da ya matsa kan na kusa da ni, wata tsohuwa, na ji ita ma ta ɗauki salon: ɗana, kuɗin na bakin zane, zan kwance. Haka aka bi layin har ƙarshe, ba a sake harbi ba.

Akta yana natsuwa ne don harbinsa ya samu. Ni ba ni da abin harbi, tawa natsuwar aro na ba yaron nan, don shi ya fi ni bukatarta a daren.

Da suka shige daji muka ɗaure wa ɗan kasuwar cinya da rawanin wani, muka janye itacen. Bas ɗin an fasa mata taya, don haka a gaban motata aka sa shi, kansa a kan cinyar yarona. Sai da na zauna zan tayar na ga makulli ya ƙi shiga rami. Na kama wuyan hannun dama da na hagu na zura shi. Muka kai shi asibiti a gari na gaba, aka tashi ma'aikata, aka karɓe shi, ya rayu. 'Yan sanda suka riƙe mu har hantsi suna rubuta bayani. Kuɗin mai kuma sai da na bi direbobin Kano a Makwa, wannan ya ba ni kaɗan, wancan ya ba ni kaɗan.

Mun shiga kasuwar Mile 12 ta Ikko a makare, rana ta riga ta dafa kayan, kwandunan ƙasa ruwa kawai suke zubarwa. Dillalin ya hau bodi ya duba, ya sauko yana kumfar baki, wai na tsaya barci a hanya, wai daga kuɗin motata za a cire asarar. Na nuna masa jinin da ya bushe a kujera da takardar 'yan sanda. Ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini, ya ce Allah Ya kiyaye gaba, amma shi tumatir ya saya. Sai da shugabannin direbobi suka zauna aka raba asarar biyu.